Kunnen Aro

Sifikun da aka dawo wa mijina da su a ƙarshen nan ni na karɓe su a ƙofa, shi yana masallaci. Dillalin da ke ɗaukar kayansa, wanda kowa ke kira Gajere, ya sauke su daga bayan mota ya jingina da bango. Mutum ne mai son dariya, amma ranar bai yi ba, ko motar ma bai kashe ba.

"Mama, ki ba Baba haƙuri. Wanda ya saya ya ce matarsa ta rantse, ko su ko ita."

"Me suka yi mata?"

"Ƙara. Wai kamar ana kankare ƙasan tukunya da cokali." Ya leƙa ƙofar shago ya sassauta murya, ko da yake da mai shagon yana tsaye a wurin ma ba lallai ya ji ba. "Ni ma na kunna na ji. Mama, wannan ba aikin Baba ba ne. Wato aikinsa ne, amma dai..."

"Na gane. Shigo min da su ciki kafin maƙwabta su fito shan iska."

Mijina gyaran sifika yake yi, irin manyan nan na falo masu akwatin katako. Ba ya zama jiran a kawo masa. Kasuwar 'yan gwanjo yake zuwa, ko gidan da tsoho ya rasu 'ya'ya suna share ɗaki, ya sayo waɗanda kowa ya yanke wa ƙauna. Shagonsa garejinmu ne na da, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida. Nan zai kwantar da akwati a kan tebur ya kwance shi, ya kankare soson gefe da ya ruɓe ya koma kamar garin burodi, ya yanko sabo, ya bi shi da gam a bakin tsinke. Sai ya zauna yana danna faifan takardar da ke fitar da sauti da yatsu a hankali, yana neman ko koyil, wato naɗin wayar ciki, yana gogar wani abu. Hannunsa har yau bai fara rawa ba. Idonsa, in ya sa tabarau, yana ganin wayar da ta fi gashi siranta.

A kowane akwati akwai sifika babba da ƙarama. Shi uwa da 'ya yake ce musu. Uwa ke ɗaukar ganga da muryar maza, duk abin da ke bugun ƙirji. 'Ya, wadda ba ta wuce bakin kofin shayi ba, ita ke da siririn sauti: kaɗawar ƙarfe, shaƙar numfashin mawaƙiya kafin ta buɗe baki. Aikin ƙarshe shi ne daidaita su, kada 'ya ta ɗaga wa uwa murya, kada uwa ta danne 'ya. Wannan da kunne yake yi. Akwai mitar gwaji a aljihun tebur, wani ya kawo masa tsaraba, batirinta ya mutu a ciki tun yaranmu suna makaranta. Mita, in ji shi, ta kurame ce.

To kunnen ne ya tafi. Ba duka ba. Da duka ne da abin ya zo da sauƙi, don kurma ya san shi kurma ne. Saman ne ya zube. Yana jin babur tun daga kwana, yana jin liman, yana jin surukinmu. Ba ya jin gyare, ba ya jin butar shayi in ta yi fito, jikokinsa kuwa sai sun zo gabansa sun ja masa riga. Ni na koyi yi masa magana da muryar direban babbar mota. Saboda haka in ya zauna daidaita akwati, sai ya ji 'ya ta yi shiru. Sai ya cire ɗan abin da ke rage mata ƙarfi, wani mai zane-zane kamar ƙwayar wake, razista suke ce masa, ya haɗa wayar kai tsaye. 'Ya ta shiga tsala ihu, shi kuma a lokacin ne yake jin ta daidai. Ya gyaɗa kai, ya ɗaure akwati.

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta ja shi asibiti, likita ya faɗa masa gaskiya a gabanmu, aka ba shi na'urar saƙalawa a kunne. Ya ɗan saka, ya ce duniya ta koma rediyo mai arha, ya jefa ta inda mita take.

Da yammacin ranar da Gajere ya zo sai ga Auta da kayan asibiti a jikinta. Ta tsaya a kan akwatunan da na ɓoye a bayan ƙofar kicin.

"Mama, zanen gado kika rufa musu? Gawa ce?"

"Ƙura nake kare musu."

"Gajere ya kira ni."

"Gajere bakinsa ya fi shi tsawo."

Ta janye kujera ta zauna, ta cire takalmi. Ta gaji, yarinyar, kuma ban taɓa shakkar tana son ubanta ba. Shi ya sa ta fi ban tsoro.

"Na gyara ɗakin. Akwai fanka, akwai talabijin, bayi a ciki. Ya isa haka, Mama. Mutum yana aiki tun kafin a haife ni, a bar shi ya huta mana. Ko sai an zo an zage shi a ƙofar gida?"

"Me zai yi a can daga safe zuwa magariba?"

"Ya huta, na ce."

"Na ji. Bayan ya huta ɗin fa?"

Gidan Auta a saman bene yake, tagar ɗakin da ta gyara tana kallon inda ake ajiye motoci. Ta dube ni irin kallon da take yi wa dangin mara lafiya masu gardama.

"Ni da Yaya mun gama magana. In aka sake dawo da ko ɗaya, zan zo da mota. Kwaɗo zan sa wa garejin."

Kowa na cewa tsoho ya huta, kuma duk mai faɗa yana da wurin zuwa gobe da safe. Mahaifina tela ne. Da idonsa ya fara rauni yayyena suka ɗauke masa keke don tausayi, suka saya masa kujera mai laushi. Ya zauna a kanta, ya yi godiya, bai ga daminar gaba ba. Likita ya ce zuciya ce. Ni ina wurin, na ga abin da ya kashe shi, kujera ce. Mijina kuwa ko ranar hutu sai ya shiga gareji ya taɓa wani abu kafin ya iya cin abinci. In aka kai shi saman benen nan na san gawarsa za a sauko da ita, kuma ba da daɗewa ba.

Lissafi da kimiyya na koyar har na yi ritaya, na san abin da razista take yi a takarda. Hannun ne ba ni da shi. Amma na yi shekaru ina kai shayi garejin nan, na ga inda ake riƙe ƙarfen narka dalma. Razistocin da yake cirewa a gwangwanin madara yake zuba su. Washegari da ya tafi kasuwa na shigar da akwatunan, na kwance, na nemi inda ya haɗa waya kai tsaye, na mayar da ƙwayar waken a mazauninta. Na ƙone babban yatsa, na ƙone gefen mayafi. Na kunna kaset ɗinsa na gwaji. Tukunyar ta daina ƙara.

Na kira Gajere na ce ya zo ya ɗauka, Baba ya sake dubawa. Ba su dawo ba. Na sake yi wa na gaba, da na bayansu, duk lokacin da ya ɗaure akwati ya fita. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, har mun ɗan ci.

Abin da ya tona ni auduga ce. Ya manta bai mayar da audugar da ake cusawa a cikin wani akwati ba, ya tarar da ita a ƙarƙashin tebur, ya sake kwancewa. Ina shanya na ji ya kira.

"'Yar boko. Zo."

Haka yake ce min tun muna sabon aure. Ya juyo min da akwatin, ya haska da tocila.

"Dalmata ɗigo ɗaya ce, tana sheƙi kamar hawaye. Wannan kashin akuya na wane ne?"

Na mayar da hannuna baya.

"Nuna min hannunki."

Ya juya yatsan a tafinsa, ya ga ƙunar, sabuwa a kan tsohuwa. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na san abin yi.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da Gajere ya dawo da wasu, Malam. Kunnenka ba ya jin 'ya, kana ƙara mata..."

"Likita ya faɗa, Auta ta faɗa, yanzu ke. Kun haɗa kwamiti." Ya saki hannuna. "Kin san yaron da ake ba murfin tukunya a bayan mota a ce masa shi ke tuƙi? Kin mai da ni shi. Ina gyaɗa kai, ina ce wa Gajere ka ga aiki, ashe ke kina bayan labule."

"Ba a dawo da ko ɗaya ba tun da na fara."

"Ba ki san komai a kan sauti ba. Kin san allo da alli."

Kafin la'asar ya buga sakata a ƙofar cikin gida, ta gefensa.

Ba a yi mako ba ya dawo daga wani gida da motar ɗaukar kaya. Akwatuna biyu ne, kowanne ya kai min ƙirji, katakon ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Na wani tsohon alƙali ne da ya rasu. Jikokinsa sun ɗora musu tukwanen fure. Ya ce irinsu bai taɓa gani ba sai a mujalla. Soson uwayen ya ruɓe, amma 'ya'yan na ainihi ne, kuma kamfanin da ya yi su ya daɗe da rufewa. Yana shafa katakon yana magana da shi kamar mai lallashin doki. Ban ga fuskarsa haka ba tun kafin asibiti.

Gajere ya zo ya gani, ya ce yana da mai saye, mutum ne da ya san sauti, ba ya ciniki a kan abu mai kyau. Da zai tafi ya ja ni gefe.

"Mama, in wannan ya lalace ba zan iya sake ɗauka ba. Ni ma sunana ne a ciki."

"Ka faɗa wa Auta wannan ma?"

"Haba Mama."

"Ka faɗa mata ke nan."

Mijina ya shiga gareji ya tura sakata. Abinci in na kai, iya faɗin faranti yake buɗe min. Na koma sauraro ta bango kamar ɓarauniya a gidana. Uwayen ya fara yi, kuma da ya gwada su sai da cokula suka yi rawa a kwando. Sauti ne mai tsabta, mai nauyi, ba gurnani ko kaɗan. Na ce a raina, hannun nan yana nan, ya Allah, hannun yana nan.

Ina soya albasa da hantsi abin ya fara. Yana da wata tsohuwar na'ura mai fitar da sauti ɗaya tak, kana murɗawa yana ƙara siranta. Da ita yake gwada sifika in ya ciro ta daga akwati. Da farko kamar sauro ne a ɗaki. Sai ya zama kamar sauro a cikin kunne. Sai ya shiga haƙora. Karen maƙwabta ya kama haushi, jaririn gidan sama ya fashe da kuka.

Na gane nan take. Ya ciro 'ya ya haɗa ta kai tsaye, bai ji komai ba, yana ƙara wuta. Shi da kansa ya sha faɗa wa masu saye: uwa tana jure duka, 'ya raɗa ake yi mata, ka yi mata tsawa ta mutu.

Na bar albasa a wuta na faɗa wa ƙofar da duka hannu biyu.

"Malam, kashe. Tana da rai. Kashe."

Bugun ya ji, don ƙofa muryar maza gare ta. Maganata ce ba ta keta katako ba.

"Ina aiki," ya ce daga ciki.

Na fita titi ba mayafi, na zagaya. Ita ma ƙofar titin a rufe. Ta gilashin taga na hango shi, ya sunkuya, ya manna kunne a jikin 'yar, ɗaya hannun a kan maɓallin, yana murɗawa a hankali, da haƙuri, kamar mai jiran mara lafiya ya farfaɗo. Na buga gilashin. Bai juyo ba. Matar da ke sayar da ruwa a tsallake ta toshe kunnuwanta tana kallona.

Sai na tuna da makunnin wutar gidan gaba ɗaya. Na koma da gudu, irin gudun da ya rage min. Yana can sama a bangon zaure, ban kai ba. Na jawo kujera, na ɗora ƙafa ɗaya, gwiwa ta ƙi. Ina kokawa da ita sautin ya karye, ya yi wani ɗan gurgur, ya ɗauke. Karen ya ƙara haushi biyu shi ma ya yi shiru.

Sakata ta zame. Ya fito ya same ni da ƙafa ɗaya a kan kujera.

"Wai mene ne kike neman ɓalla min ƙofa? Albasarki na ƙonewa." Ya juya. "'Yar guda matacciya ce. Tun a gidan na yi zargi. Bari in ga ɗayar."

Na bi shi. Ya riga ya ɗauki ta biyun, yana laluben wayoyin. Na kama wuyan hannunsa.

Da zan iya yin shiru. Da ya gwada ta biyun, ita ma ta mutu, ya ce kaico, an sayar masa da gawa biyu, ya zagi jikokin alƙali, mutuncinsa yana nan a idonsa. Na yi tunanin haka, ba zan ce ban yi ba. Amma yana riƙe da abu mai rai, kuma shi ne mutumin da bai taɓa jefar da ko dunƙulen waya ba.

"Da ranta," na ce, da muryar direban. "Ihu take yi har titi. Kare ya ji, jariri ya ji. Kai ka kashe ta."

"Kin fara."

"Kada ka yarda da ni. Ni allo da alli na sani. Shinshina ta."

Ya dube ni. Ya ajiye ta biyun, ya ɗauki ta farkon ya kai hanci. Na ga lokacin da warin ya isa, warin koyil da ya ƙone, wanda duk mai gyara ya sani kamar yadda uwa ta san zazzaɓi. Ya juya ta ya ɗora maganaɗisun a kumatunsa. Da ɗumi. Ya fi ni sani: matacciya wayarta a tsinke take, wuta ba ta bi ta cikinta, ba ta zafi, ba ta wari.

Ya zauna a kan benci da ita a hannu. Hayaƙin albasa ya cika gidan, ban motsa ba.

"Kira min Auta."

"Ba zan kira ba."

"Ki ce ta zo da kwaɗon."

"Ka ga mahaifina, Malam. Kai ka riƙe masa kai ranar da ya cika."

"Makaho ba ya tuƙi."

"Makaho yana da ɗan jagora, kuma yana isa inda za shi. Hannu naka, kunne nawa."

Ya yi wata dariya da ban so ba. "Kunnenki. Kin san ihu, ko jaririn can ya san ihu. Kin san in 'ya ta yi ƙasa da ɗan kaɗan? In ta riga uwa fita? Rayuwata na ƙarar kafin na san wannan."

"To koya min."

"A wannan shekarun."

"Ina da wasu ne?"

Ya yago jarida ya naɗe 'yar da ta ƙone, ya ɗaure da zare. Shi da kansa ya kira Gajere, ina ji, ya ce aiki bai kammala ba, 'ya guda ta mutu a hannunsa. Gajere ya yi ta wasu maganganu masu tsawo, wai mai sayen tafiya zai yi, wai kasuwa ta canza, yaran yanzu ɗan abin sawa a aljihu suke so. Mijina ya riƙe wayar a kunne yana cewa to, to. Wannan ya ji sarai.

Auta ta zo kafin magariba, kuma da kwaɗon ta zo, sabo, a leda.

"Sharaɗinki a dawo da kaya," na ce mata a ƙofa. "Me aka dawo da shi?"

"Mama, don Allah kada ki yi min lissafi."

"Tambaya na yi."

"An ce kin fita titi ba mayafi kina dukan taga. Ke da shi za ku kashe junanku a garejin nan, ni kuma a ce ina ina." Idonta ya cika. Ta wuce ni ta durƙusa gaban ubanta, ta ɗaga murya yadda take yi wa tsofaffin asibiti. "Baba, ka taso mu tafi. Ka yi iyakar yinka."

Ya dubi akwatunan biyu, ɗaya har yanzu da rami a goshi inda 'ya take.

"Ban taɓa barin akwati a buɗe ba, Auta. Ki bari in rufe wannan."

"Yaushe?"

"In na samo irinta."

"In ba a samu ba fa?"

Ta tashi, ta ajiye kwaɗon a kan teburinsa da mabuɗin a jiki, tsakanin gam da tocila.

"Ƙarshen wata," ta ce, ni take kallo.

Da safe na same shi a zaure da hularsa, ƙunshin jaridar a aljihun gaba. Bai dube ni ba.

"Ki sa takalmi mai ƙwari. Wurin akwai ƙusa."

Duk zamanmu ban taɓa zuwa layin 'yan gwanjon kayan wuta ba. Rumfuna ne a jere, talabijin a kan talabijin, firji ba ƙofa, waya a ƙasa kamar saiwa. Ko'ina janareto na ruri, mai walda na aiki a bakin layi, wani yana gwada lasifika da sallama. Masu rumfa suna gaishe shi da Baba, suna kallona suna kallonsa.

"Baba, yau da sufeto ka zo?"

"Da kunne na zo," ya ce, ya wuce.

'Ya'yan da aka ciro daga matattun akwatuna a kwali ake zuba su. Ya nuna min yadda ake gwadawa inda ba wuta: batir ƙarami, waya biyu, ka taɓa ƙafafunta, mai rai za ta ce ƙis. Sau ɗaya, ɗan ƙaramin sauti kamar an karya tsinken ashana. Na tuna kwalin da ke ƙarƙashin teburinsa, cike da 'ya'yan da ya yanke wa hukuncin sun mutu a 'yan shekarun nan.

Muka bi rumfa rumfa. Wannan ta yi faɗi, wannan ramukan ƙusoshinta uku ne ba huɗu ba, wannan ta yi kama amma ya auna ta a tafin hannu ya ce maganaɗisun bai kai ba. Rana ta hau. Gwiwata ta kumbura, na riƙa dafa kafaɗarsa in za mu tsallake kwata. Wani ya ce mu gwada bayan masu firji, na can suka ce ai da mun zo bara. Hannuna ya yi baƙi har wuyan hannu.

A rumfar wata mata mai kiba, a ƙasan kwalin da ruwa ya taɓa, ya ciro wata. Ya goge ta da gefen rigarsa, ya kwance jaridar, ya jera su. Fuska ɗaya, tambari ɗaya. Ya miƙo min wadda ya ciro, ya ɗauki batir da wayoyin.

Na ɗora ta a kunne. Ya taɓa.

Janareton rumfar yana bayana. Mai walda ya kunna. Ban san ko na ji ba.

"Sake."

Ya sake. Ba 'yar yake kallo ba, fuskata yake kallo, bakina.

"Mama, ki ce tana yi mana mu rabu lafiya," in ji mai rumfar. "Kayana ba sa ƙarya."

Da na ce tana yi, da ya saya, da mun koma gida yana tafiya irin ta da. Amma ni ma ba yarinya ba ce. Kwanan nan in jikata ta yi magana a waya sai na ce ta maimaita, na ɗora wa layi laifi. Shekarun da ke tsakanina da shi ba su kai a gina komai a kansu ba. Na toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya sake taɓawa, abin da nake ji shi ne jinina yana bugawa.

"Ban sani ba, Malam," na ce. "Wallahi ban sani ba."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci zai naɗe jaridarsa. Sai ya matso, ya ja mayafina ya rufe kanmu mu biyu har da 'yar, a tsakiyar kasuwa, tsoho da tsohuwa. Mai rumfar ta ce wani abu, aka yi dariya.

"Ba haka ake yi ba, 'yar boko. Kin matse ta da yawa. Ɗan janye ta, faɗin yatsa. Buɗe baki. Buɗe, na ce, ba hoto za a ɗauke ki ba. Yanzu riƙe numfashi. Kada ki bi sautin, janareto za ki kamo. Ki tsaya kawai."

Na buɗe baki kamar sakarya, na riƙe numfashi. A cikin duhun mayafin ina jin warin gam a rigarsa. Ya taɓa.

Can ƙasa, ƙarƙashin duk wannan hayaniya, wani abu ya ce ƙis.

Na matse hannunsa.

"Sau ɗaya ba shaida ba ne," ya ce. "Rufe ido. Zan taɓa, wani lokacin ba zan taɓa ba, ke ki faɗa min yaushe."

Na rufe ido.